Rani Marar Damina: Jatan Lande a Cikin Rufaffen Gilashi

Idan ruwan sama ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, fadamun da ke kewayen Rawayya da Bunguɗu ba sa bushewa rana ɗaya. Tabki yakan riƙa ja da baya sannu a hankali, yana barin laka a gefensa, lakar ta yi tauri ta tsattsage, har a kai lokacin da yaro zai ratsa da ƙafa a wurin da ruwa ke kai wa babba ƙirji a watan Agusta. Kifin da bai bi ruwa ya koma gulbi da wuri ba ya zama rabon masunta da zalɓe. Gaiwa kuwa ba ta gudu. Tun lakar na da taushi take nutsa kai ta haƙa rami, ta naɗe jikinta har wutsiya ta rufe fuska, sannan fatarta ta fitar da yauƙi mai yawa, ya bushe ya zame mata kamar riga. A cikin wannan riga take yin wata shida ko bakwai, ba ci ba sha. Manomin da ke haƙa a fadama da rani yakan ci karo da ita, har akan ba da labarin wadda aka kwaɓa da ita cikin tubali ba a sani ba, sai da damina ta jiƙa bango ta fito.

Hausawa sun daɗe suna cewa gaiwa jikinta take ci, kuma masanan da suka auna ta a ɗakin gwaji ba su ƙaryata su ba. Idan ta shiga barcin rani, aikin jikinta yakan ragu ƙwarai, bugun zuciya ya yi ƙasa, numfashi ya yi nisa da juna. Ɗan abin da take bukata don rai ya ci gaba, daga tsokarta take samo shi. Dattin da ya kamata ta zubar cikin ruwa kuma, tunda babu ruwan, sai ta mai da shi yuriya, wato sinadarin nan da manoma suka sani a buhun takin zamani, ta tara shi a jikinta har ranar da za ta samu inda za ta wanke shi. An ga wadda ta wuce shekara uku a haka a hannun masu bincike. Amma tana fitowa ne a rame, jiki ya motse, kuma ba ta taɓa yin ƙwai a cikin rigar.

Abu biyu ne suka sa wannan wahala take da iyaka. Na farko, kurkukun gaiwa ba a rufe yake ruf ba: tana da huhu, tana kuma barin 'yar kafa daga bakinta zuwa ramin da ta shigo, ta nan iska ke isa gare ta. Na biyu, damina na nan tafe. Duk juriyarta shiri ne na jiran watan Yuni.

A can wata uwa duniya akwai wata halitta mai irin wannan juriya, wadda ɗan Adam ya gano ta, ya mai da juriyar tata haja. Mai yawan duba bidiyo a waya zai iya cin karo da ita: ƙwallon gilashi mai kyan gani a kan teburin ofis, da ruwa a ciki har kusan kashi biyu cikin uku, da tsakuwa a ƙasa, da busasshen reshen wata halittar teku, da 'yar gansakuka, sai wasu jajayen jatan lande guda uku ko huɗu, kowanne bai kai tsawon farcen yatsa ba, suna ta iyo. An liƙe gilashin gaba ɗaya, babu murfi, babu ƙofa. Abin da ake tallata shi da shi ke nan: ba a ba su abinci, ba a canza musu ruwa, haske kaɗai suke bukata. Wanda ya fi shahara a cikinsu sunansa EcoSphere, na wani kamfani da ya yi aiki a birnin Tucson a jihar Arizona ta Amurka. Ƙaraminsa faɗinsa wajen santimita 10 ne, wato ruwan da ke cikinsa bai kai na ledar fiya wata guda ba.

Asalin abin ilimi ne, kuma ilimi mai kyau. Tun ƙarshen shekarun 1960 wani masani a Jami'ar Hawai, Clair Folsome, ya riƙa zuba ruwan teku da laka a cikin kwalabe yana liƙe su, ya ga cewa ƙwayoyin halittar da ke ciki suna ci gaba da rayuwa shekara da shekaru. Daga baya Joe Hanson, masanin kimiyya a wata cibiyar hukumar sararin samaniya ta NASA da ke Kalifoniya, ya gwada sa dabba a ciki. Tambayar da ke gaban hukumar ita ce ko za a iya gina ɗakin da zai riƙa sabunta iskarsa da abincinsa da kansa, don mutanen da za su yi doguwar tafiya a sama. A farkon shekarun 1980 'yan kasuwa suka karɓi fasahar suka fara sayarwa. Masanin taurari Carl Sagan ma ya yi rubutu a kan wanda aka aiko masa ta gidan waya, yana kallonsa a matsayin ƙaramin hoton duniya.

Lissafin da ke cikinsa mai sauƙi ne. Gansakuka tana karɓar haske ta yi abinci, ta fitar da iskar oksijin. Jatan lande yana shaƙar oksijin, yana cin gansakuka da ƙwayoyin bakteriya, yana fitar da iskar kabon da kashi. Bakteriya suna narkar da kashin ya koma taki, gansakuka ta sha takin da iskar kabon, a sake zagayowa. A kan takarda babu abin da ke ɓacewa.

Sai dai Hanson bai samu nasara da kowace irin dabba ba. Kifi ba ya jure irin wannan zama, yawancin jatan lande ma ba sa jurewa. Wanda ya jure shi ne wani ɗan ƙaramin nau'i na tsibiran Hawai, wanda mutanen can ke kira opae ula, ma'ana jan jatan lande, masana kuma suka san shi da Halocaridina rubra tun da Lipke Holthuis, mutumin Holan, ya bayyana shi a 1963. Dalilin juriyarsa yana cikin irin gidan da ya fito. Tsibiran Hawai aman duwatsu ne ya gina su, kuma idan narkakken dutse ya sandare yakan bar ramuka da tsaguwa kamar soso. A kusa da gaɓa akwai ɗaruruwan ƙananan kududdufai waɗanda a ido ba su haɗu da teku ba, amma ta ƙarƙashin dutse ruwan teku yana shigowa ya gauraya da ruwan daɗi mai gangarowa daga tudu. Ruwansu na zartsi ne, yana hawa yana sauka tare da teku sau biyu a rana. Gishirinsa yana canzawa, zafinsa yana canzawa, wani lokaci iskar cikinsa ta yi ƙaranci sosai. Jatan landen yakan fito sarari ya yi kiwo a kan gansakukar da ke jikin dutse, ya koma cikin duhun tsaguwa ya ɓuya, ya hayayyafa, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa wani kududdufin. Rayuwa a irin wannan wuri ita ta ba shi ikon jure yunwa na watanni da ƙarancin iska. Kududdufinsa, kamar ramin gaiwa, a ido ne kawai yake rufe.

A nan ne maganar ta tashi daga kimiyya ta koma ta hakki. Kamfanin da kansa ya ce yawancin ƙwallayen suna yin shekara biyu zuwa uku kafin jatan landen su ƙare, ko da yake akwai waɗanda suka wuce shekara goma. Wanda bai san dabbar ba zai ce shekara uku ai ta yi, don abu ɗan mitsitsi irin wannan. Amma opae ula na cikin jatan lande masu tsawon rai: masu kiwonsa a buɗaɗɗen tanki suna ba da labarin waɗanda suka kai shekara 15 zuwa 20. Kamfanin ya kuma yarda cewa ba kasafai suke hayayyafa a cikin gilashin ba, alhali a tanki mai wadata, bayan 'yan watanni sai a ga ta-mace ɗauke da ƙwai goma sha wani abu a ƙarƙashin cikinta, tana riƙe da su fiye da wata guda. Akwai kuma abin da masu kiwo suka daɗe suna lura da shi. Jatan lande yana girma ne ta hanyar saɓa, kamar maciji, ya yar da tsohon ɓawo ya yi sabo mafi girma. Na cikin gilashi kuwa sau da yawa idan ya yi saɓa ƙara ƙanƙancewa yake yi, launinsa kuma ya koɗe. Raguwar tsawon rai, rashin haihuwa da motsewar jiki, duka alamun gaiwar rani ne. Abin da mai saye ke kallo a kan teburinsa yana sha'awa, dabba ce mai cin jikinta, a cikin ranin da aka tsara shi don kada damina ta taɓa biyo bayansa.

Mai sayarwa yana da amsa, kuma ya kamata a saurare ta. Zai ce bai hana su abinci ba, ga gansakuka nan. Abin mamaki, malaman fiƙihun Malikiyya sun riga sun zo wannan gaɓa tun ƙarnoni da suka wuce. A cikin Muhtasar na Shehu Halil, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya, idan kuma ya ƙi ko ya kasa, sai a sayar da ita ga wanda zai iya. To ana iya cewa gansakukar cikin gilashi makiyaya ce. Amma kowane makiyayi ya san makiyaya ba suna ba ce kawai. A jikin dabba ake karanta ta. Bafillacen da ya ga haƙarƙarin shanunsa sun fara fitowa a watan Fabrairu ba ya tsayawa gardama cewa ai ga ciyawa nan. Yakan kora su kudu, ko ya nemi harawa da dusa, ko ya sare musu ganye. Hukuncin ya ginu ne a kan cewa mai dabba yana kallo, kuma idan ya ga matsala yana iya gyarawa. Liƙe gilashi yana barin kallon, ya ɗauke gyaran. Wanda ya ga jatan landensa suna koɗewa ba shi da abin yi illa ya matsar da ƙwallon kusa da taga ko ya nisantar da shi. Akwai ɗan maganaɗisu da ake sawa a ciki, wanda ake ja da wani daga waje don goge gansakukar da ta dushe gilashi. Wato hanya ɗaya tilo da aka bar wa mai shi ta taɓa cikin wannan duniya ita ce ta share wa kansa tagar kallo.

Hadisin matar nan da ta tsare kyanwa har ta mutu, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya ambaci mafita biyu da ta ƙi bi: ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Tsare dabba shi kaɗai ba shi ne laifin ba, domin daga labarin ƙanen Anas ɗan Malik da ɗan tsuntsunsa malamai suka ciro halaccin ajiye tsuntsu, muddin ana kula da shi. Rufaffen gilashi kuwa an ƙera shi ne ta yadda duka mafitar biyu za su gagara. Ba a iya ciyarwa, ba a iya sakewa, sai an fasa abin da aka biya kuɗi aka saya. Ko kifin rijiya, wanda ake yi wa dariya saboda ƙarancin duniyarsa, ya fi shi gata: tarwaɗar da aka jefa rijiya don ta cinye tsutsotsi tana samun ƙwaro ya faɗo, ruwan sama ya sauko, guga ya motsa ruwa, kuma ranar da aka ga dama ana iya ciro ta.

Za a ce, shin jatan lande ma yana jin wani abu ne? Tambaya ce ta gaskiya, masana kuma ba su gama da ita ba. A 2008 Robert Elwood da abokan aikinsa a Belfast suka buga sakamakon wani gwaji: sun shafa ruwan tsami mai zafi a kan gashin kan wani nau'in jatan lande, sai dabbar ta daɗe tana goge wurin da ƙafafunta, tana dirza shi a jikin tanki, waɗanda aka fara shafa musu maganin kashe zafi kuwa ba su yi hakan sosai ba. Wasu masu bincike a Amurka sun gwada makamancin haka a kan wasu nau'o'in ba su ga abu ɗaya ba. A Nuwamba 2021 wani kwamiti ƙarƙashin Jonathan Birch na makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan ya duba bincike fiye da 300 bisa buƙatar gwamnatin Birtaniya, ya ce hujjar jin zafi ta fi ƙarfi a kan ƙaguwa, amma a kan dangin jatan landen da opae ula ke ciki ma ba abar rainawa ba ce. A 2022 majalisar ƙasar ta sa su cikin dokarta ta dabbobi masu ji. Babu wanda zai iya rantsuwa cewa yunwar jatan lande irin ta akuya ce. Amma idan ana shakka, ana duba abin da za a rasa a kowane ɓangare. Idan ba ya ji, aka sa masa murfi mai buɗuwa, an yi hasarar ɗan ƙawa ne kawai. Idan yana ji, aka liƙe shi, an sayi yunwar shekara uku don ado.

Wani kuma zai ce ai busasshen jatan lande da mudu ake auna shi a kasuwar Gusau, ana daka shi a zuba a miya, dubbai a tukunya ɗaya, to mene ne na kuka a kan guda huɗu? Wannan ya fi na farko nauyi, domin ta fuskar yawa babu gardama. Amma al'adar da ta halatta yanka ita ce kuma ta ce a wasa wuƙa, a gaggauta, kada a wahalar, ta kuma hana a mai da mai rai abin wasa. Ta raba tsakanin ɗaukar rai don bukata da tsawaita wahala don nishaɗi. Mahaucin da ke yanka raguna goma a rana ba ya jin kunyar sana'arsa, amma shi ma zai tsawata wa yaron da ya ɗaure rago ɗaya a rana ya hana shi ruwa don ya ga kwana nawa zai yi.

Akwai wata ƙorafin da ta fi waɗannan kusa da gida. A ƙasar da mutanen Tsafe da Bunguɗu da ƙauyukan Gusau suka shafe shekaru suna fama da 'yan bindiga, ana kwashe mutane a tsare su a daji, gonaki suna zama kufai, maganar jatan landen Hawai za ta iya zama kamar ƙoshi ne ya kawo ta. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ɗora abubuwan biyu a sikeli ɗaya. Dalilin da ya sa duk da haka maganar ta shafi nan shi ne, kuskuren da ke cikin ƙwallon gilashi ba baƙo ba ne. Kuskure ne na ɗaukar juriya a matsayin rashin bukata, kuma ana yinsa kullum da dabbobin gida. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa ba ta mutuwa da wuri idan ruwa ya ƙare. Shi ya sa kuma ake cusa guda talatin a baho da ɗan ruwan da bai rufe bayansu ba, su wuni a rana a bakin titi, alhali karfasa, da yake ita mutuwa take nan take, ba a yi mata haka. Kunkurun da ake ajiyewa a tsakar gida yakan yi makonni ba wanda ya tuna da shi, don an ce shi ba ya bukatar komai. Jaki yana shan lodi da duka fiye da doki saboda shi ba ya faɗuwa. Kanarin da ke cikin kejin kara kuwa ya fi su sa'a, domin shi idan aka yi sakaci da geronsa da ruwansa kwana ɗaya ko biyu sai ya mutu, don haka ba a sakaci da shi. Dabba mai rauni tana tilasta wa mai ita ya kula. Mai haƙuri ita ke biyan kuɗin haƙurinta.

Hatta da'awar cewa ƙwallon duniya ce mai cin gashin kanta tana bukatar gyara. An taɓa gwada abin da mutane a ciki, a garin Oracle, arewa da Tucson ɗin nan. Ginin gilashi ne da ƙarfe mai suna Biosphere 2, faɗinsa ya wuce hekta ɗaya, da daji da gona da ƙaramar teku a ciki. A Satumba 1991 aka rufe mutum takwas a ciki na shekara biyu. Cikin wata 16 iskar oksijin ta sauko daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa wajen kashi 14, saboda ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suna shanye ta, simintin ginin kuma yana haɗiye iskar kabon da tsirrai za su mayar da ita oksijin. Mutanen suka rame, ƙudan zuma da sauran ƙwarin da ke barbarar furanni suka ƙare, yawancin ƙananan dabbobin da aka shigar suka mutu, kyankyasai da tururuwa suka cika wurin. A farkon 1993 dole aka tura oksijin daga waje. An yi hakan ne saboda na ciki suna da baki, suna da wayar tarho, akwai likita a cikinsu. Idan gini mai wannan girma da wannan kuɗi ya kasa daidaita kansa, da wuya a yarda cewa rabin lita na yin hakan. Abin da ke faruwa shi ne ƙwallon yana gangarewa ne a hankali, kuma an zaɓi dabbar da ke iya jure gangarar har ta wuce lokacin da mai saye zai dawo da ƙorafi.

Duk wannan ba hujja ba ce a kan kiwon jatan lande. Abin da ya raba kiwo nagari da ƙwallon ɗan kaɗan ne, shi ya sa ma liƙewar ta zama marar uzuri. Opae ula da gaske ba ya bukatar hidima mai yawa. Tanki mai ɗaukar lita da dama, ruwan zartsi wanda gishirinsa ya kai kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin na teku, da gishirin teku na musamman ba na miya ba, tarin duwatsu masu ramuka don ɓuya, murfi mai barin iska, sai a riƙa cika abin da ya tafi a tururi da ruwan daɗi, a ɗan yayyafa abinci jefi-jefi. Akwai masu sayen tsofaffin ƙwallaye su yanka gilashin a hankali, su riƙa gauraya ruwan tanki da na ciki kaɗan-kaɗan don kada canjin ya kashe su, kuma sukan ce bayan wani lokaci launin yana dawowa. Akwai kuma wani jan jatan landen da ya fi yawa a shagunan kifin ado, Neocaridina davidi, ɗan ruwan daɗi daga Taiwan da gabashin Sin, wanda asalinsa launin ƙasa ne, masu kiwo suka yi ta zaɓen jajaye har ja ya tabbata. Shi shekara ɗaya zuwa biyu yake yi, kuma ba shi da juriyar na Hawai ko kusa. Masu kwaikwayo da ke zuba shi a kwalba su toshe, suna sayar da abin da ba zai daɗe ba ne.

Wanda yake Gusau ko Rawayya ya ji sha'awar abin yana da wata matsalar kafin duk waɗannan, wato zafi. Ƙwallon an yi shi ne don ɗakin da zafinsa ke tsakanin digiri 15 zuwa 25 ko ɗan sama da haka. A watan Afrilu zafin Zamfara yakan kai digiri 40, ɗakin kwano ya koma tanda, wutar lantarki kuma ba abar dogaro ba ce. Ruwa ba ya tsami banza: idan ya yi ɗumi iskar da yake riƙewa tana raguwa, a daidai lokacin da jikin dabbar ke ƙara bukatarta, kuma ɗan ruwa kaɗan ya fi saurin ɗaukar zafi. Ko buɗaɗɗen tanki sai wanda ke da hanyar sanyaya ɗaki tun daga Maris har ruwa ya sauka. Wanda ba shi da ita, abin da ya fi masa shi ne ya haƙura. Wanda kuma ya riga ya saya ya gaji, kada ya kai baƙuwar halitta gulbin Sakkwato ko madatsar ruwa ta Gusau ya zuba. Mutanen Hawai sun ga abin da hakan ke jawowa: da yawa daga kududdufan opae ula sun lalace ne saboda kifayen da mutane suka zuba a ciki, cikinsu har da karfasar da aka kai can daga Afirka, wadda ke cinye jatan landen ko ta kora su ƙarƙashin dutse, gansakuka ta rasa mai cinta ta shaƙe ruwan.

Saura darasin da Hanson da Sagan suka gani a cikin gilashin, na yadda iska da ruwa da taki ke zagayawa. Darasi ne da ya cancanci a nuna wa yara, kuma ana iya nuna shi ba tare da dabba ba. A 1960 wani mutumin Ingila, David Latimer, ya shuka ɗan tsiro a cikin wata ƙatuwar kwalba, ya ƙara masa ruwa sau ɗaya a 1972, ya toshe bakin, tsiron ya ci gaba da rayuwa shekaru da dama bayan haka, ganye na ruɓewa ya zama taki, tururi na taruwa a gilashi ya koma ƙasa. Malamin kimiyya a makarantar Rawayya zai iya yin irinsa da babbar kwalba, da tsakuwa, da ɗan gawayi, da ƙasar fadama, da ƙaramin tsiro mai son inuwa, ya ajiye inda haske ke shiga amma rana ba ta bugawa. 'Ya'yan kwaɗi da ƙananan kifayen da yara ke kamowa a kwalbar lemo da damina kuma, a bar bakin kwalbar a buɗe, a kalle su wuni ɗaya, kafin magariba a mai da su kududdufin da aka ɗebo su.